Kagarar Fort Jesus ta Mombasa da Abin da Bangonta Ya Gani

Mai ziyarar tsohon garin Mombasa na ƙasar Kenya, idan ya nufi bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa, zai tarar da wani katafaren gini zaune a kan tudun dutse yana fuskantar Tekun Indiya. Wannan ita ce kagarar Fort Jesus, wadda mutanen garin suke kira Ngome da harshen Suwahili. Littattafan makaranta sukan taƙaita bayaninta da cewa kagarar Turawan Fotugal ce. Wannan bayani bai yi ƙarya ba, amma ya rage tarihi ƙwarai, domin a cikin shekaru fiye da 400 da ginin ya yi a tsaye, abin da Fotugal ta riƙe bai wuce ƙarni ɗaya da 'yan kai ba.

Tun a shekarar 1498 da Vasco da Gama ya iso Mombasa bai sami maraba ba, sai da ya ƙara gaba zuwa Malindi. Daga nan gaba ta ƙullu, har Fotugal ta ƙone garin a 1505, ta kuma sake a 1528. Abin da ya tilasta mata yin gini na dindindin shi ne hare-haren jiragen Turkawa ƙarƙashin Mir Ali Bey a shekarun 1580, waɗanda suka nuna mata cewa hanyarta ta zuwa Indiya ba ta da tsaro. An fara ginin a 1593 bisa tsarin wani Ba'italiye, Giovanni Battista Cairati, aka kammala a 1596.

Ba a jima ba ginin ya fara sauya hannu. A 1631 Sarkin Mombasa Yusuf bin Hasan, wanda Turawan suka rena a Goa suka mayar da shi Kirista, ya komo ga Musulunci, ya shiga kagarar ya kashe kwamandanta da mutanensa. Bai zauna ba, a shekara mai bi ya bar garin, Fotugal ta dawo.

Babban al'amari a tarihin wurin shi ne ƙawanyar da Larabawan Oman suka yi masa a zamanin Imam Saif bin Sultan, daga watan Maris na 1696 zuwa Disamba na 1698, wato wata 33. Annoba da yunwa sun kashe mutane fiye da yadda igwa ta kashe. Wani abin lura kuma, wanda malami bai kamata ya tsallake ba, shi ne cewa da yawa daga masu tsaron kagarar ba Turawa ba ne, Suwahilawa ne Musulmi da ke ƙawance da Fotugal, kuma akwai lokacin da su ne suka riƙe ta bayan cuta ta ƙarar da sojojin Turawa. Wanda ya koyar da wannan yaƙi a matsayin karon Musulmi da Kirista kawai, ko na baƙi da farare, ya ɓatar da ɗalibansa. Garuruwan gaɓar teku suna da gasarsu ta ciniki da sarauta, kowa kuma yana neman wanda zai jingina da shi.

A tsakiyar wannan ƙawanya ne jirgin yaƙi mai suna Santo Antonio de Tanna, wanda aka aiko da gudummawa, ya nutse a gaban kagarar a 1697. Ya kwanta ƙarƙashin ruwa kusan shekara 280, sai a ƙarshen shekarun 1970 masana suka yi ninƙaya suka tono shi. Kayan da aka fito da su, irin su tuluna da tangaran da kwalabe da makamai, suna gidan adana kayan tarihi da ke cikin harabar, kuma a ganina nan ne ziyarar take da armashi. Bango yana ba da labarin sarakuna da kwamandoji, amma kwanon cin abincin matuƙin jirgi yana nuna yadda talaka ya rayu a teku. Kusa da su akwai tangaran na Sin da na Farisa da aka haƙo a tsofaffin garuruwa irin su Gede da Manda, shaidar cewa jiragen katako masu tafiya da iskar shekara sun haɗa wannan gaɓa da Larabawa da Indiya ƙarnuka da dama kafin Bature ya san hanya. Haka kuma an adana wani ɓangaren bango da wasu Turawan Fotugal suka yi wa zane-zanen jirage da kifaye da mayaƙa, aikin mutanen da zaman gadi ya gundura.

Fotugal ta sake kama wurin a 1728, ta rasa shi gaba ɗaya a 1729. Gidan Mazrui, waɗanda Oman ta naɗa gwamnoni, suka ɓalle suka mallaki Mombasa har 1837, lokacin da Sayyid Sa'id ya murƙushe su. Da Ingila ta kafa mulkinta a 1895 sai ta mayar da kagarar gidan kurkuku, haka ta zauna har 1958, sannan aka kwashe fursunoni, James Kirkman ya jagoranci haƙa da gyara, aka buɗe ta ga jama'a. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.

Mai zagaya harabar zai ga kowane mai mulki ya bar alamarsa: rubutun Fotugal a saman ƙofar shiga, ƙarin tsayin bango da gidan da Omanawa suka gina a wata kusurwa, da ƙofofin katako masu sassaƙa, sai kuma igwoyin Ingila jere a fili, bakunansu na duban mashigar jiragen ruwa.