Yadda zafi ya taka wa masu ƙera laftof birki

1/ 'Yan Yauri, Ngaski da Shanga masu shirin sayen laftof 'yar gwanjo, ku matso. Tarihi zan ba ku, ƙila ya tsare muku kuɗinku. 🧵

2/ Tun 1968 aka kammala madatsar Kainji mai megawat 760, har ƙauyukanmu aka tasa saboda ita. Amma mu na bakin tafkin mun san wuta ba ta zama. A nan, batir ne ran laftof.

3/ Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na cikin manyan masu shan batir. Kuma duk wutar da ta sha, zafi take komawa.

4/ A 2000 kamfanin Intel ya fitar da Pentium 4. Lokacin gasar gudu ake yi: wa ya fi yawan GHz? Wasu na kwamfutar tebur har wat 115 suka kai. Da aka cusa danginta a laftof, sai ga kauri da nauyi, fanka na ihu, batir ba ya jimawa.

5/ Mafita ta zo a Maris 2003 daga injiniyoyinsa na Haifa a Isra'ila: Pentium M, mai shan kusan wat 25. A 2004 aka soke Pentium 4 mai 4GHz, a 2006 aka gina Core a kan Pentium M. Ita ce kakar i3, i5 da i7 ɗinku.

6/ A Nuwamba 2020 Apple ya fito da MacBook Air mai M1, ko fanka babu.

7/ Ga lissafi: batir mai Wh 50, in laftof na shan wat 10, awa 5 ke nan. In wat 25 ne, awa 2 kacal.

8/ Apple ya ce zafin wurin aiki kada ya wuce digiri 35. Yelwa a Afrilu kan haura 40! Furosesa ta ji zafi sai ta rage gudu, shi kuma batir ya tsufa da wuri.

9/ Shawarata: ku duba harafin ƙarshen lambar furosesa. U yawanci wat 15 ce, H kuwa 45. In karatu da rubuta furojet za ku yi, U ta ishe ku. Kada ku ɗora laftof a katifa, ku sa a fitar da ƙurar fanka bayan hunturu.

10/ Mai shago ya fara muku waƙar GHz, ku tambaye shi: wat nawa take sha?