Anthony Joshua: Tarihinsa A Fagen Dambe Da Abubuwan Da Suka Faru A Shekarar Haihuwarsa

Masu bibiyarmu, yau mun ɗan leƙa fagen damben Turawa.

An haifi Anthony Joshua ranar 15 ga Oktoba 1989 a garin Watford na Ingila, amma asalin iyayensa Yarbawa ne, danginsa na Sagamu a jihar Ogun. Ya ɗan yi makarantar kwana a Najeriya yana yaro. Bai fara dambe ba sai da ya kai shekara 18, shekara biyar bayan nan ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012.

A 2016 ya ƙwace kambun IBF daga hannun Charles Martin a zagaye na biyu. Amma damben da ya fito da shi duniya shi ne na Wladimir Klitschko a Wembley a 2017, gaban mutum 90,000. Klitschko ya kai shi ƙasa a zagaye na shida, kowa ya ce shikenan an gama da yaro, sai ga shi ya miƙe ya gama da tsohon a zagaye na 11. Ni dai har yau a nan na fi ganin jarumtarsa.

Sai 2019 Andy Ruiz, wanda mutane suka raina saboda tumbinsa, ya yi masa dukan kawo wuƙa a New York. Ya rama a Saudiyya ƙarshen shekarar. Usyk ya ci shi sau biyu, ya kumar da Francis Ngannou a 2024, sannan Daniel Dubois ya kwantar da shi a zagaye na biyar.

To ita 1989 ɗin fa? Bai cika wata ɗaya a duniya ba aka fasa katangar Berlin, ranar 9 ga Nuwamba. Sojojin Sobiyet sun fice daga Afghanistan, Ayatollah Khomeini ya rasu, Omar al-Bashir ya yi juyin mulki a Sudan. A Legas kuwa Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ya mutu ana tsaka da wasa da Angola. A dambe, Mike Tyson ya lallasa Frank Bruno, shi ma ɗan Ingila.

Ku kuma masoya fim ɗin Indiya, a Disambar shekarar ne aka saki Maine Pyar Kiya, wanda ya ɗaga Salman Khan. Ke nan Joshua ya girmi fim ɗin da wata biyu da 'yan kwanaki.