Castlevania: The Adventure

Castlevania: The Adventure wasan bidiyo ne na faɗa da tsallake-tsallake wanda kamfanin Konami na ƙasar Japan ya ƙirƙira domin na'urar hannu ta Game Boy. An fara sayar da shi a Japan ranar 27 ga Oktoba, 1989, sannan a Arewacin Amurka a watan Disamba na wannan shekarar, daga baya ya isa Turai. Shi ne wasa na farko daga jerin Castlevania da aka yi wa na'urar da ake riƙewa a hannu. Sunansa a Japan Dracula Densetsu, kuma kalmar densetsu a Japananci na nufin labarin da aka gada daga kaka da kakanni, wato kusan abin da Bahaushe zai kira hikaya ko almara. An san wasan da daɗin kiɗa da kyawun zane idan aka dubi shekarunsa, an kuma san shi da nawa da tsananin wahala, har masu bin jerin da yawa suna sa shi cikin mafiya rauni.

Asali

Nintendo ya fitar da Game Boy a Japan ranar 21 ga Afrilu, 1989, don haka wata shida kacal ke tsakanin fitowar na'urar da fitowar wannan wasa. Fuskar na'urar ƙarama ce, mai ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye. Ba ta da launi sai inuwa huɗu daga haske zuwa duhu a kan fage mai kama da kore, ba ta da fitila a ciki, kuma da batir huɗu take aiki. Babbar matsalarta ga wasannin gudu da tsalle ita ce hoto yana yin dishi-dishi idan abu ya motsa da sauri. Duk kamfanin da ya yi wasa a shekarar farko sai da ya yi fama da wannan, a lokacin da masu rubuta manhaja ba su gama sanin iyakar na'urar ba.

Kafin nan Castlevania ya riga ya yi suna tun fitowar na farko a 1986. Cikin waɗanda suka yi aikin na Game Boy akwai Masato Maegawa, wanda ya bar Konami ya kafa kamfanin Treasure a 1992. Kiɗan kuwa aikin Shigeru Fukutake ne da Norio Hanzawa da Hidehiro Funauchi.

Labari

Jarumin wasan shi ne Christopher Belmont, ɗaya daga zuriyar Belmont masu farautar Dracula, kuma kakan kakannin Simon Belmont na wasan farko. A jadawalin tarihin da Konami ya tsara daga baya, abin ya faru ne a 1576, shekara ɗari bayan Castlevania III. Christopher ya ɗauki bulalar gidansu ya nufi fadar Dracula a yankin Transylvania. A cikin wasan kansa babu hira, babu wani dogon bayani. A ƙarshe fadar tana rushewa, amma sai a ga jemage ya tashi daga kufai, alamar cewa Dracula ya tsira.

Yadda ake wasan

Wasan yana da zango huɗu, kowanne da babban dodo a ƙarshensa, na huɗun kuwa Dracula ne da kansa, wanda ke rikiɗa ya zama ƙaton jemage. Madanni ɗaya na tsalle ne, ɗayan na bulala. Kowane zango yana da agogo da ke ƙirga lokaci, idan ya ƙare rai ɗaya ya tafi. Idan rayuka suka ƙare ana iya ci gaba daga farkon zangon, amma babu hanyar ajiye inda aka tsaya. Da zarar an kashe na'urar, ko batir ya mutu, sai a koma farko.

Kamar sauran wasannin jerin, ana dukan kyandirori domin samun kayayyaki. Sai dai ma'anar kayan ta canza. A Castlevania na farko zuciya tamkar harsashi ce da ake kashewa wajen jefa ƙananan makamai irin su wuƙa, gatari da ruwan tsarki. A nan an cire ƙananan makaman gaba ɗaya, zuciya ta koma maganin da ke cika ma'aunin lafiya. Gicciye yana hana jin rauni na ɗan lokaci, tsabar kuɗi kuma maki kawai take ƙarawa. An kuma maye gurbin matakalar bene da igiyoyi da ake hawa.

Abin da wasan ya dogara a kai shi ne ƙarfin bulala. Christopher yana farawa da gajeriyar bulalar fata. Idan ya ɗauki ƙwallon lu'ulu'u ɗaya sai ta koma sarƙa mai tsawo da ƙarfi, idan ya ɗauki na biyu sai ta riƙa harba dunƙulen wuta daga bakinta. Amma duk lokacin da abokin gaba ya taɓa shi, bulalar na sauka mataki ɗaya.

Inda wasan ya yi ƙarfi

Kiɗan shi ne abin da kusan kowa ya yarda da shi, har waɗanda ba sa son wasan. Game Boy tana da hanyoyin sauti huɗu ne kawai: biyu na karin waƙa, ɗaya da ake iya tsara muryarta, ɗaya kuma ta ƙara wadda ake yin ganga da ita. Da waɗannan aka yi waƙar zango na farko, Battle of the Holy, wadda ta fi wasan kansa shahara. Lasifikar na'urar guda ɗaya ce, amma idan aka sa abin ji a kunne sautin yana rabuwa dama da hagu, a nan ne ake jin aikin da aka yi sosai.

Ta fuskar zane ma an yi ƙoƙari. Super Mario Land, wanda ya fito tare da na'urar, ya zaɓi ƙananan siffofi da fage kusan fari domin komai ya tafi da sauri. Konami ya bi wata hanya dabam: jarumin babba ne, ana ganin siffarsa, kuma bayansa akwai itatuwa, kaburbura, duwatsu da bangon kogo. Wanda ya kunna shi a 1989 zai gane nan take cewa Castlevania yake yi, ko da babu launi.

Akwai kuma dabaru da ba a saba gani a jerin ba. Ɗaya daga ciki ita ce manyan ƙwayoyin ido da ke gangarowa. Idan aka doke su sai su fashe, kuma a kan gadar zango na biyu fashewar tana ɓalle wani sashe na gadar, ta bar rami. Ke nan mai wasa dole ya zaɓa tsakanin duka da tsallakewa, abin da ya saɓa wa ɗabi'ar dukan duk abin da ya motsa. Zango na uku kuwa an gina shi ne a kan tsinin ƙarfe: rufi na saukowa, sannan ƙasa mai tsini ta biyo mai wasa yana hawan igiya, daga nan bango ya koro shi daga gefe. A matsayin tunani, wannan zangon shi ne mafi kyau a wasan. Ana kuma samun ɓoyayyun ɗakuna cike da kyandirori, wasunsu ta hanyar ci gaba da hawan igiya bayan ta yi kamar ta ƙare.

Inda ya gaza

Koken da aka fi yi shi ne nawa. Jaruman Castlevania dama ba masu sauri ba ne, amma Christopher yana tafiya kamar mai ratsa taɓo, kuma idan abokan gaba suka yi yawa a fuska sai wasan ya ƙara ja. Ana iya cewa tafiya a hankali na rage dishi-dishin hoto, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wasan da ya biyo bayansa a kan na'ura ɗaya ya fi shi sauri da santsi nesa ba kusa ba, wanda ke nuna cewa ba dukan laifin ne na Game Boy ba.

Tsallen ma gajere ne mai nauyi, kuma an jera wurare da yawa inda sai mai wasa ya tsaya a ƙarshen bakin dandamali, ƙafa ɗaya kamar a iska, kafin ya iya kaiwa na gaba. Kuskuren ɗigo kaɗan ya isa ya jefa shi rami. A fuska ƙarama marar fitila, gane wannan bakin ba abu ne mai sauƙi ba. Idan aka haɗa wannan da tsinin zango na uku, wanda taɓa shi mutuwa ce nan take, sai kyakkyawan tunanin ya koma haddace wuri ta hanyar mutuwa sau da yawa.

Tsarin bulalar yana da nasa aibun, kuma shi ne ya fi shafar yadda wasan ke gudana. Wanda ya ƙware yana riƙe da bulalar wuta, yana kashe abokan gaba daga nesa, wasan ya zo masa da sauƙi. Sabon shiga kuwa bugu biyu sun isa su mayar da shi kan bulalar fata, wadda ke tilasta masa matsowa kusa, inda zai ƙara shan duka. Wato wasan yana tsananta wa wanda ya fi bukatar sassauci. A sauran wasannin jerin ƙananan makamai ne ke ceton mutum a irin wannan hali, domin gatari na kaiwa sama, ruwan tsarki na tsayar da dodo. A nan babu ko ɗaya, kuma Christopher ba ya iya duka yana kan igiya, don haka jemage ko dunƙulen wuta da ya same shi a can ba shi da abin kare kansa.

Ga shi kuma gajere. Wanda ya san hanya yana iya gama zangon huɗun cikin ƙasa da awa ɗaya. Bayan an gama, wasan na sake farawa da ƙarin wahala, ba tare da sabon wuri ba.

Abin da ya biyo baya

A 1991 Konami ya fitar da Castlevania II: Belmont's Revenge, wanda ya ci gaba da labarin Christopher shekara 15 bayan na farko, inda yake neman ceto ɗansa daga hannun Dracula. Gyare-gyaren da aka yi a cikinsa sun bi koke-koken ɗaya bayan ɗaya: an dawo da ƙananan makamai, an ba jarumin damar duka a kan igiya da sulalowa da sauri, bulala ta daina sauka a kowane bugu, an sa kalmar sirri ta komawa inda aka tsaya, an kuma bar mai wasa ya zaɓi fadar da zai fara da ita cikin huɗu. Ana yawan ƙirga shi cikin mafiya kyawun wasannin Game Boy. Igiyoyi da bulalar wuta, waɗanda wasan 1989 ya fara kawowa, sun ci gaba a cikinsa da kuma Castlevania Legends na 1997.

An sake fitar da wasan a cikin tarin Konami GB Collection, inda bugun Turai ya zo da launi domin Game Boy Color. A 2009 kamfanin M2 ya yi wa Konami Castlevania: The Adventure ReBirth domin na'urar Wii. Jarumin da shekarar labarin ba su canza ba, amma wuraren sababbi ne kuma an dawo da ƙananan makamai. Ta intanet kaɗai aka sayar da shi, kuma an daina samunsa a can bayan rufe shagon Wii a 2019. Asalin wasan kuwa ya fito a shagon Nintendo 3DS a 2012, sannan aka sa shi cikin Castlevania Anniversary Collection na 2019, wanda ke ba mai wasa damar ajiye inda ya tsaya a kowane lokaci.