Madatsar Ruwan Bakolori da Hukumar da Aka Damƙa wa Ruwan Gulbi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Mafara ko Bakura ko Maradun ya san akwai wata hukuma a tsakaninmu wadda ba ta sarki ba ce, ba ta ƙaramar hukuma ba ce, kuma ba ta jiha ba ce, amma ruwan da ke shiga gonakin dubban manoma a hannunta yake. Wannan ita ce Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani ina so in duba yadda ta kafu, da aikin da ta yi a Bakolori, da kuma abin da ya biyo baya, domin malamai su sami abin faɗa wa ɗalibai, dattawa kuma su gyara mini inda na kauce.

Kafuwar Hukumar

A shekarar 1969 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a gina matsakaiciyar madatsa a kusa da Talata Mafara. Bayan haka sai fari ya auka wa ƙasashen Arewa a farkon shekarun 1970, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita a baitulmalin tarayya. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar, da hedikwata a Sakkwato. Dalilin kafa ta kuwa shi ne, gulbi bai san iyakar gunduma ba. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Maradun kafin ya gangara Bakura, don haka aka ga ya dace a sami hukuma guda mai kula da shi. Sai dai gwamnatin tarayya ce ke naɗa shugabanninta, kuma a wancan lokacin can Legas suke kai bayanin aikinsu.

Ginin Madatsa

An ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila, aka fara aiki a 1974, aka kammala madatsar a 1978. Tsawonta kilomita 5.5 ne, tafkinta kuma ya mamaye kimanin hekta 8,000. An tsara shayar da hekta 23,000, kashi mafi girma ta hanyar injinan yayyafi, sauran kuma ta magudanai. An shimfiɗa hanyoyi a gefen magudanan, an kuma tanadi ƙaramar tashar lantarki. Ina yaro na ga manyan motocin baje ƙasa suna wucewa, mukan bi su da gudu, ba mu san abin da iyayenmu ke ciki ba.

Rikicin 1980

Abin da suke ciki shi ne rashin gona. Mutanen wajen Maradun da ruwa ya ci garuruwansu an tashe su zuwa tudu mai ƙarancin albarka. Waɗanda ke cikin filin aikin kuma an hana su shuka har damina biyu ko uku ana baje ƙasa, an sare itatuwan amfani, alamomin iyakar gonakin gado sun ɓace. Diyya ta yi jinkiri, wasu kuma ba su gan ta ba. Manomi ya je wurin hakimi, hakimi ba shi da iko da hukumar. Ya je ƙaramar hukuma, ita ma haka nan. Da ƙofofi suka toshe, sai manoma suka tare hanyoyin aikin tun daga ƙarshen 1979. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka rasu ba su kai 30 ba, amma wasu masu bincike sun ce sun haura 300. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Bayan Ƙura Ta Lafa

Ba zan ce aikin bai yi amfani ba, domin shinkafar rani da ake nomawa a Mafara da Bakura ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma mutanen fadamun da ke ƙasa da madatsar sun yi asara, saboda ambaliyar da ke ciyar da shinkafarsu da kamun kifinsu ta ragu. Injinan yayyafi kuma, da yake suna bukatar lantarki da kayan gyara daga waje, sun tsaya. Zuwa 2003 kimanin hekta 7,500 kacal ake nomawa. Ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 bai canja mai iko da madatsar ba. A 2014 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na gyaran manyan wuraren ban-ruwa na Arewa, har da Bakolori, wanda ya tanadi ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙa kula da ƙananan magudanai da karɓar kuɗin ruwa.

Kammalawa

A nawa ganin, kuskuren Bakolori tun daga tushe yake. An kafa hukuma mai iko da ruwa da ƙasar talaka, ba a buɗe wa talakan ƙofar da zai kai kuka a saurare shi ba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Shigar da manoma cikin gudanarwa, wanda aka waiwaya bayan shekaru fiye da talatin, da tun farko aka yi shi, da wataƙila ba a zubar da jini ba. Ina roƙon malamai su tura ɗalibai wurin sauran dattawan da suka ga wannan al'amari, a rubuta abin da suka sani tun suna raye. Allah Ya sa mu dace.