Masu yi wa matattu baftisma: daga kogin Misisipi zuwa Aba

1/ Jama'a, a Najeriyar nan akwai ginin da ake nitsa mai rai cikin ruwa da sunan wanda ya daɗe da rasuwa, wai don a buɗe masa ƙofar tsira. Ginin yana Aba, jihar Abiya, na 'yan Mormon ne. Bari mu bi tarihin abin, domin a ƙarshe ya taɓo sunayen kakanninmu.

2/ Baftisma dai ita ce wankan shiga addinin Kirista. Akasarin Kiristoci, har da maƙwabtanmu 'yan ECWA da Baftis da Katolika, sun tafi a kan cewa mai rai ake yi wa. To daga ina ta matattu ta fito?

3/ Aya ɗaya ce tak. A wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, sura 15 aya 29, Bulus yana jayayya da masu musun tashin ƙiyama, sai ya kafa musu hujja da wasu mutane da ake yi wa baftisma saboda matattu. Bai yabe su ba, bai kushe su ba, bai ma faɗi ko su wane ne ba. Kusan shekara 2,000 ke nan ana ja-in-ja a kan wannan shirun nasa.

4/ A ƙarnonin farko an samu waɗanda suka aikata. Malamin nan John Chrysostom ya ba da labarin mabiya Marsiyon: idan mutum ya mutu kafin a yi masa wankan, sai wani ya shige ƙarƙashin gadon gawar. A tambayi gawa ko tana so, na ƙarƙashin gado ya amsa, sai a yi masa a madadinta. Da ba'a ya ba da labarin, don shi abokin gābarsu ne, saboda haka a saurare shi da taka-tsantsan.

5/ A nan Afirka ma an yanke hukunci. Taron limaman coci a Hippo (Annaba ta Aljeriya a yau) a 393 ya hana yi wa gawa baftisma, taron Kartaj a Tunisiya ya jaddada a 397. Daga nan maganar ta kwanta a manyan coci-coci.

6/ Sai Joseph Smith, Ba'amurken da ya kafa cocin Mormon a 1830. Yayansa Alvin ya rasu a 1823 ba a yi masa baftisma ba. A ruwayar ƙanensu William, faston da ya yi wa'azin jana'iza ya nuna cewa saurayin ɗan wuta ne. Ka ji fa, a gaban iyayensa. A ganina duk wanda ya tsallake wannan ciwon ba zai gane abin da ya biyo baya ba.

7/ Ranar 15 ga Agusta 1840, a jana'izar wani Seymour Brunson a garin Nauvoo, jihar Illinois, Smith ya karanto waccan ayar, ya ce masu rai za su iya karɓar baftisma a madadin 'yan'uwansu da suka riga mu. Cikin wata guda wata bazawara, Jane Neyman, ta shiga kogin Misisipi a madadin ɗanta Cyrus. Mutane suka yi ta tururuwa, kowa da mamacinsa.

8/ Abin ya so ya zama hayaniya: maza na yi wa mata, mata na yi wa maza, rubutu kuma babu tsari. A 1841 aka dakatar da na kogi, aka koma wani kwarmin katako da ke bisa mutum-mutumin shanu 12 a ƙarƙashin haikalinsu. A 1842 Smith ya wajabta shaidu da marubuci. Daga baya Brigham Young ya ce namiji ga namiji, mace ga mace.

9/ Ku riƙe maganar marubucin nan. Tunda ba a yi wa mamaci sai da sunansa, neman sunaye ya zama ibada. A 1894 suka kafa ƙungiyar binciken asali a Utah, wadda yau ake kira FamilySearch. A 1965 suka kammala rumbu a cikin dutse kusa da Salt Lake City, mai ɗauke da naɗin fim sama da miliyan 2 na rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga ƙasashen duniya.

10/ A yi musu adalci. Su cewa suke yi tayi ne kawai: mamaci a can yana da zaɓin karɓa ko ƙi, kuma ba sa ƙirga shi cikin mabiyansu. A fahimtarsu jinƙai ne ga wanda saƙo bai riske shi ba.

11/ Amma fa mai gawa bai ga haka ba. Yahudawa sun gano an yi wa dubban ɗaruruwan mutanensu da 'yan Nazi suka kashe. Mutanen da aka hallaka saboda su Yahudawa ne, a ce kuma an shigar da sunansu wankan wani addini? A 1995 cocin ya yarda ya cire sunaye kusan 380,000. Duk da haka a 2012 aka sake gano an yi wa iyayen Simon Wiesenthal, sai da cocin ya ba da haƙuri. Ita ma mahaifiyar Obama an yi mata a 2008.

12/ Fadar Paparoma ta ce a 2001 ko baftismar Mormon ta masu rai ba ta inganta ba, a 2008 kuma ta umarci limamanta su daina ba su rajistar coci. Katolika na yi wa matattu addu'a, har da rana ta musamman, 2 ga Nuwamba, amma a nan suka tsaya. 'Yan Furotesta da yawa ko addu'ar ba sa yi. Cocin New Apostolic, mai ɗimbin mabiya a Afirka, shi ne ke da nasa salon na yi wa mamata.

13/ To Najeriya fa? Tun kafin 'yancin kai wasu mutanen kudu maso gabas ke aika wasiƙu Utah suna roƙon a turo musu malamai. An turo LaMar Williams a 1961. Sai jaridar Nigerian Outlook ta fallasa a 1963 cewa cocin ba ya ba baƙar fata limanci, gwamnati ta toshe biza. Yaƙin basasa ya zo ya binne maganar.

14/ A Yunin 1978 shugabansu Spencer Kimball ya ɗage wancan hani. Ranar 21 ga Nuwamba 1978 aka yi wa wani malamin makaranta, Anthony Obinna, baftisma a yankin Mbaise, shi da mutanensa. Ta matattu kuwa sai a haikali, don haka sai da aka jira na Akara a 2004 da na Aba a Agustan 2005. A Oktoban 2024 sun sanar za su gina ɗaya a Abuja. Kun ga an matso.

15/ Kada mu yi saurin dariya. Mu ma tambayar me mai rai zai iya yi wa mamaci ta raba kawunanmu. A 1978 ɗin nan dai aka kafa Izala a Jos, da goyon bayan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan nan Gummi. Sadakar uku da bakwai da arba'in na cikin abubuwan da aka fi kai ruwa rana a kansu. Har yau a Gwashi ko Anka za ka samu gida ɗaya, wa na cewa a tara jama'a, ƙane na cewa bidi'a ce.

16/ Sai dai bambancin a fili yake. Addu'a, sadaka, biyan bashi, har hajji a madadin mamaci (Malikiyya sun fi tsaurarawa a nan), duk aika lada ne ga wanda ya mutu da imaninsa. Babu ɓangaren da ya ce za a karɓa wa mamaci addini. A wannan gaɓar Musulmi da akasarin Kiristoci bakinsu ɗaya.

17/ Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Da yake yawancin Afirka asali a ka yake, FamilySearch na ɗaukar ma'aikata a ƙasashe irin su Ghana da Najeriya su zauna da dattawa, su naɗi sunayen zuriya tun daga kakan kaka. Aikin yana da amfani, kar mu musa. A Bukkuyum da Anka, inda 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, tsoho ɗaya ya faɗi, sunayen zuriya guda sun bi shi kabari.

18/ Amma dattijon da za a zaunar yana da haƙƙin sanin wa ya aiko mai rikodar, da abin da ake iya yi da sunayen. Dokar cocin ta ce mabiyi ya kai sunayen danginsa kawai, kuma wanda aka haifa cikin shekara 110 da suka wuce sai da izinin makusancinsa mai rai. Wanda ya girmi haka ba a neman izinin kowa, muddin mai kai sunan dangi ne. Jika ɗaya a Fatakwal ko Landan da ya shiga cocin ya isa ya kai sunan kakan da dubu suka haɗa.