Zabbalin: 'Yan sharar Alƙahira da kwangilar da ta manta da su

Mai karatu, idan ka taɓa kallon fim ɗin 'Garbage Dreams' na Mai Iskander, wanda ya fito a 2009, za ka tuna samarin nan uku, Adham da Osama da Nabil, da su ka tashi a unguwar masu kwasar shara ta Alƙahira. Fim ne na gaskiya, babu jarumi babu rawa. Amma labarin da ke bayan sa ya girmi yaran nesa ba kusa ba.

Tun farkon ƙarni na 20 wasu mutane daga dausayin Dakhla, da ake kira Wahiya, su ka riƙe harkar shara a birnin. Su na karɓar kuɗi daga masu gidaje, su busar da sharar, su sayar wa gidajen wanka da masu dafa wake a matsayin makamashi. Daga shekarun 1930 zuwa 1940 sai ga talakawan manoma daga kudancin Masar, musamman yankin Asyut, galibin su Kiristoci Kibɗawa. Su ne aka laƙaba wa suna Zabbalin, wato 'yan shara.

Aikin na gida ne gaba ɗaya. Maigida da 'ya'yan sa maza su fita da asuba da keken jaki, su bi bene-bene su na karɓar shara a bakin ƙofa. Mata da 'yan mata su zauna su tsince: roba gefe, takarda gefe, kwalba da gwangwani da tsumma gefe. Ragowar abinci kuma a zuba wa aladun da su ke kiwo. Da haka su ke sake sarrafa kusan kashi 80 cikin 100 na abin da su ka kwaso. Wajen 1970 hukuma ta tashi da yawan su daga Imbaba, su ka koma gindin dutsen Muƙattam, a Manshiyat Nasir. Duk tsawon wannan zamani ba su da albashin gwamnati, ba fansho, ba takardar da ta ce aikin nasu ne. Ga yankan kwalba, ga allurar asibiti, ga ciwon hanta.

To, rashin takardar nan ne ya cuce su. A 2003 hukumomi su ka bai wa kamfanonin Sifen da Italiya kwangilar kwashe shara ta shekara 15, aka kuma cusa kuɗin shara a cikin bil ɗin wutar lantarki. Ba a nemi shawarar Zabbalin ba. Kamfanonin su ka ajiye manyan mazubai a titi, alhali mutanen gari sun saba a zo masu har ƙofa. Manyan motocin kuma su ka kasa shiga lunguna. Kashi 20 kacal yarjejeniyar ta wajabta masu su sarrafa, saura a binne. Aka ce Zabbalin su zo su zama leburori a kamfani, kan albashin da bai kai abin da su ke samu a tsince-tsince ba. Kai jama'a! Mai sana'ar kan sa ya koma yaron wani. Magidanta da dama kuwa su ka riƙa biya sau biyu: ɗaya a bil, ɗaya ga ɗan sharar su na gado.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A 2009, saboda fargabar murar aladu, gwamnatin Hosni Mubarak ta ba da umarnin kashe aladun ƙasar, kimanin 300,000, duk da masana lafiya na duniya sun ce matakin ba shi da amfani. Zabbalin su ka rage kwasar ragowar abinci tunda babu mai ci, titunan Alƙahira su ka cika da wari. A lokacin ne birnin ya gane wanda ya ke ɗauke masa ƙazanta.

A 2013 aka naɗa Laila Iskandar, wadda ta daɗe ta na aiki tare da su, ministar muhalli, aka kuma ƙarfafa yi wa ƙananan kamfanonin su rajista domin su ma su iya karɓar kwangila. A 2020 Masar ta kafa sabuwar dokar kula da shara.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan labari. Gwamnatin Kano ta miƙa kwasar shara ga kamfani a 2021, ta soke yarjejeniyar a 2022. Duk sanda za a sake zama kan irin wannan teburi, ya kamata a tambaya: ina kujerar mai shara, da mai baro, da ɗan jari-bola? Alƙahira ta ƙi yin wannan tambaya, ta biya da shekaru na wari.