Tiga cike da ruwa, famfonmu a bushe: tarihin bututu

1/ Duk wanda ya taso tsakanin Bebeji da Kiru ya san wannan takaicin: ga Tiga nan kusa da kai, amma ruwan sha sai ka tare mai kura. Ku matso in ba ku tarihin bututu, don a nan gizo ke saƙar.

2/ Zamanin Gwamna Audu Bako aka gina dam ɗin Tiga, daga 1971 zuwa 1974. Ruwan Kogin Kano ne, ya ratso Doguwa da dajin Falgore da Tudun Wada. Kakana ya yi leburanci a wajen, kuma har Allah ya yi masa rasuwa ruwan rijiya yake sha.

3/ Tara ruwa daban, kai shi gida daban. Da Turawa suka kawo ruwan Challawa birnin Kano farkon shekarun 1930, bututun ƙarfe ake yayi. Daga baya na siminti mai asbestos ya shigo. Ƙarfe tsatsa ke cinsa, cikinsa ya tsuke, ruwan ya fito ja. Na asbestos kuwa in ya tsufa sai fashewa.

4/ Ana haka, a Amurka aka kafa kamfanin Owens-Corning a 1938, yana yin zaren gilashi, wato faibagilas. Wajajen 1950 masu haƙar mai suka rungumi bututunsa, don ruwan gishirin da ke fitowa tare da mai yana cinye musu ƙarfe.

5/ Zaren ake jiƙawa da wani danƙo, a nannaɗe, ya daskare. Ba ya tsatsa, ko kaɗan. Nauyinsa kusan rubu'in na ƙarfe, ka ga tirela ɗaya ta kwashi da yawa. Cikinsa sumul, ruwa na gudu, injin turawa ba ya shan dizal sosai. Mu da wuta sai ta ga dama, wallahi wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

6/ Amma fa ba ya son ganganci. Sai an shimfiɗa yashi a ramin, an danne gefe da gefe. Ɗan kwangila ya jefa shi kan duwatsu, ko katafila ta dake shi, ya tsage. Don haka in aikin ruwa ya zo garinku, ku leƙa ramin kafin a rufe. Ku tambaya: wane bututu ne, ina yashin?